Hawan Sallah a Katsina Ya Girmi Zuwan Bature

Ƙaramar sallah da babba, ba a rasa baƙi a Ƙofar Soro, Turawa da 'yan Kudu, kowa da kyamara a wuya. Lale marhabin da su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne labarin da suke komawa gida da shi: wai Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wannan hawa daga Indiya, sarakuna suka ara suka yafa, yanzu kuma ana yin sa don masu yawon buɗe ido. Har wasu 'ya'yanmu sun tsinci zancen a intanet sun hau kai sun zauna.

Zancen yana da tushe, sai dai an haɗa abu biyu an dama. Gaskiya ne Ingilishi sun yi manyan tarukan daba a Delhi a 1877 da 1903 da 1911, kuma sun kawo tsarin nan Arewa. An yi wa Yariman Ingila mai jiran gado a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, gwamnatinmu ma ta yi nata a Kaduna lokacin Festac a 1977. A hawan daba, ana tara sarakunan ƙasa a fili ɗaya su gaida baƙo. A hawan sallah kuwa, sarki ɗaya ne cikin garinsa, ya taso daga masallacin idi zai koma gida, talakawansa na ganinsa, hakimansa na biye.

Wannan kuwa tsohon abu ne. Ibn Baɗuɗa ya ga Mansa Sulaiman na Mali ya hau zuwa filin idi da tambura da tutoci tun wajen 1352. A Kano ana jingina al'adar ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mu a nan fadar da ake komawa har yau sunanta Gidan Korau, sarkin da ya yi zamani da Rumfa. Lugga bai shigo Katsina ba sai 1903. A zamanin yaƙi, ranar sallah ce sarki ke ganin ƙarfinsa da idonsa: dawaki nawa Ƙaura ya fito da su, 'yan lifidi nawa, 'yan sulke nawa, wa ya zo, wa ya noƙe. Har gobe Ƙaura daga Rimi, da Galadima daga Malumfashi, da 'Yanɗaka daga Dutsin-Ma, da Durɓi daga Mani, kowa da gurbinsa a jeri, ba mai tsallake wani.

Kakana zagi ne na wani hakimi, kuma a bakinsa na fara jin cewa hawa ba ranar sallah yake farawa ba. Tun watan Sha'aban ake ƙara wa doki gero da harawa, a jiƙa masa kanwa, a riƙa fita da shi da asuba don kada ya yi nauyi. Ana gobe sallah ba mai barci a barga: wannan na goge likkafa da toka, wancan na ɗinke jalala, wani na gwada linzami. Duk wannan wahala saboda ɗan lokacin jahi ne. Mahaya su jeru a ƙarshen filin Kangiwa, su sako dawaki a guje, ƙura ta turnuƙe, sai dab da sarki su ja linzami, dawaki su yi turjiya, su kuma su ɗaga hannu a dunƙule. Na taɓa ganin wata Baturiya ta miƙe za ta gudu, tana zaton hari aka kawo wa sarki. Jinjina ce, gaisuwar da ba ta da sama, shi ya sa dogarai ke amsawa da “Sarki ya gaishe ku!”

Inda hannun Bature yake da gaske shi ne washegari, hawan bariki, da sarki ke zuwa gaida Razdan a da, yanzu kuma gwamna. Wannan ba ma musunsa, kamar yadda ba ma musun cewa Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, shi ya karɓi ƙwallon doki ya dasa a Katsina.

Ba mu kaɗai ake yi wa haka ba. Mutanen Ayalan ma duniya ta ɗauka ranar bikinsu ta 17 ga Maris ranar fareti da giya ce tun fil azal, alhali a New York aka raya faretin tun 1762, su a gida a da coci suke zuwa, har doka ta yi shekaru tana rufe mashaya a ranar.

Haka mu ma, hawa ba shi ne sallah ba. A 2020 annobar korona ta hana shi, amma an yi tuwon sallah, an yi layya, yara sun zaga dangi karɓar barka da sallah.

Tunda UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya a 2024, baƙi ƙaruwa za su yi. Ku samarin da ke yi musu jagora da tafinta, don Allah ku riƙa raba musu kwanakin nan biyu: na farko namu ne tun kaka da kakanni, na biyu ne na zamanin Razdan.