Sata ko ɓarna a gona: inda za ka kai kuka da abin da za ka riƙe a hannu

Ka je gona da sassafe ka tarar shanu sun kwana cikin dawarka, ko an fasa rumbu, ko an ɗauke injin ban-ruwa daga fadama. Abin da ka yi a wannan yinin shi ne yawanci yake yanke ko za ka sami diyya ko za ka tashi a tutar babu. Manoma da yawa suna da gaskiya, amma sai su je gaban alƙali hannu biyu, ba hujja.

Kafin ka bar wurin

Kada ka gyara komai tukuna. Ɗauki hoto da bidiyo da wayarka: sawun dabbobi ko na babur, kashin shanu, karan da aka tattake, kwaɗon da aka ɓalle. Ƙirga kunyoyin da aka ci, ka auna tsawonsu da taki. Sannan ka kira mutum biyu manya, waɗanda ba ƙannenka ba ne ba kuma 'ya'yanka ba, su gani da idonsu. A kotun shari'a mai ƙara ne ke kawo shaidu. In ya kasa, wanda ake ƙara ya rantse, magana ta mutu. Shaidar ɗa ga mahaifinsa ba ta karɓuwa, don haka maƙwabcin gona ya fi ɗanka amfani a nan.

Sanar da mai unguwa ko dagaci a ranar, ka nemi a zo da sarkin noma ko malamin gona a kimanta asarar: dami nawa, buhu nawa, a farashin kasuwar wannan makon. A rubuta, a sa kwanan wata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Kimantawar da aka yi bayan an yi ruwan sama sau biyu ba ta da ƙarfi.

Ka kuma lura da lokacin da aka yi ɓarnar. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa suke bi, ɓarnar dare tana wuyan mai dabbobi, domin shi ya kamata ya killace su. Ta rana kuwa ana duba ko an sake su ne a kusa da gonaki, ko makiyayin ya yi sakaci. Shi ya sa shaida ɗaya da ya ga garke da asuba yake da daraja.

Abin da zai mai da kai mai laifi

In ka sari saniya, ko ka zuba guba, ko ka doki yaron da ke kiwo, ƙarar ta juya kanka. Kashe ko raunata dabbar wani laifi ne a dokar finalkod, kuma kuɗin sa ɗaya ya fi kuɗin dawar da ya ci. Dabbar da ka kama a gonarka, kai ta hannun mai gari a gaban shaidu. Ɓarawon da jama'a suka kama, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Wanda ya sa hannu a dukan da ya zama ajali, tuhumar kisan kai ce ke jiransa.

Masu bindiga ba maganar sulhu ba ce kuma ba a bin sawunsu da adda. Kira 112, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko jami'an Sibil Difens, waɗanda suke da rundunar Agro Rangers don tsaron gonaki.

Sulhu

Ɓarnar dabbobi tsakanin mutanen da suka san juna ta fi saurin warwarewa a zauren dagaci, tare da arɗon rugar. Ba kuɗin mota, ba ɗage zama, kuma baɗi za ka iya buƙatar takin shanun nan. Sai dai sulhun baki kawai yana da saurin mantuwa. A rubuta nawa za a biya, yaushe, da wanda ya tsaya wa mai biyan. In an saɓa, wannan takarda ce za ka kai kotu.

Idan dabba aka sace maka, kada ka jira. Kai labari ga shugabannin kara da dillalai na kasuwannin da ke ci a makon, da sarkin fawa, ka faɗi launi, ƙaho, da tsagar kunne ko lambar da ka yi mata.

A ofishin 'yan sanda

Kai rahoto kyauta ne, beli ma kyauta ne, ko da yake kowa ya san abin da akan tarar. Tabbatar an shigar da ƙorafinka a littafi, ka karɓi sunan jami'in da aka ba binciken. Kada ka dangwala a kan bayanin da ba a karanta maka da Hausa ba.

Wani lokaci kai ne za a kama, musamman in abokin rigimar ya riga ka zuwa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana 2, ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a ɗaukar uba don ɗa ya gudu. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Bashin taki da ka kasa biya maganar kotu ce, ba ta sel ba. In ofishin ya yi biris da ƙorafinka, kana iya rubuta wa kwamandan yanki ko kwamishinan 'yan sandan jiha, ko ka kai ƙorafin kai tsaye gaban majistare.

Wace kotu?

Sata da ɓarna da gangan ana kai su kotun majistare ko kotun shari'a, ko kotun yanki a jihohin da suke da ita. Neman diyya ƙara ce da kake shigarwa da kanka wajen rajistara. Biya kuɗin ƙara, ka karɓi rasit. A waɗannan kotuna ba dole sai da lauya ba. Rikicin mallakar gona daban yake: majistare ba ya yanke wa ke da ƙasa. Gonar karkara ana kai ta kotun shari'a ko ta yanki, ko babbar kotun jiha. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakar gargajiya a kan gonar da ba ta cikin birni, kuma gara ka neme ta tun ba a fara jayayya ba. Hukunci in bai yi maka ba, akwai ɗaukaka ƙara, amma wa'adin gajere ne, galibi kwana 30. Nemi kwafin hukunci tun ranar da aka yanke.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar tallafin shari'a ta ƙasa, Legal Aid, da aka kafa a 1976, tana da ofis a jihohi. Tana tsaya wa wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Wanda ake tuhuma kuma yana da haƙƙin tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi.

Ga ƙungiyoyin manoma

Ƙungiyar gama-kai mai rajista tana iya shigar da ƙara da sunanta, kuma DPO ya fi sauraron takarda mai hatimin ƙungiya da sa hannun mutum 40 a kan manomi ɗaya da ya zo a keke. Ku buɗe littafi guda: lambar jikin kowane injin ban-ruwa da feshi, rasit ɗin saye, shaidar dabbobin membobi, da duk satar da aka yi, ko da ta tiya biyar ce. Ku ware ɗan abu a asusu don kuɗin mota da na ƙara, ku kuma zaɓi mutum biyu masu karatu da za su riƙa raka memba ofis ko kotu. Kafin kaka, ku zauna da dagaci da arɗo a tsayar da ranar sakin gonaki ga dabbobi, a yi shela a masallaci da kasuwa, a ajiye kwafin a littafin.