Mujiya da Mutanen Ƙofar Dumi

A zamanin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi a shekarar 1809, ya kewaye shi da ganuwa, Ƙofar Dumi tana ɗaya daga cikin ƙofofinta, iyakar gari ba ta ɓuya ga kowa ba: daga ciki gidaje da masallatai, daga waje gonaki da kukoki da tsamiya, sa'an nan daji. Idan almuru ta yi aka ja ƙofa, sai bayan ganuwa ya koma hannun ma'abota dare, waɗanda a cikinsu babu wadda aka ɗora wa zargi kamar mujiya.

Alhali kuwa mujiya iri-iri ce. Akwai wata 'yar ƙarama, tsawonta bai wuce taƙi guda ba, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, wadda Allah cikin hikimarsa ya sanya mata baƙaƙen tabo biyu a ƙeya kamar idanu, ta yadda abokin gaba zai zaci kallonsa take yi, ita kuwa ta ba shi baya. Ba ta gina sheƙa. Kogon da maƙwaƙwafi ya fafe ya bari take shiga, ta saka ƙwai biyu zuwa huɗu, ta kwanta a kansu kusan wata guda. Abincinta fara da ƙadangaru da ɓeraye, har da ƙananan tsuntsaye, shi ya sa da sun hange ta da rana sai su yi mata taron dangi da tsiwa, abin da ya sa Bahaushe yake cewa an mai da wane mujiya idan jama'a suka tsangwame shi.

Amma camfin da aka gada, cewa kukan mujiya a kan soro sanarwar mutuwa ce, ya girmi ganuwar da kanta, kuma ba Hausawa kaɗai suka yi shi ba, domin Larabawan Jahiliyya sun ƙudurta cewa wata mujiya takan fito daga kan wanda aka kashe, tana kuka har sai an ɗaukar masa fansa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kore wannan aƙida tare da camfi da tsuntsaye, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abin mamaki, a birnin da malamai suka kafa bisa raya sunna da kashe bidi'a, ana karanta hadisin a zaure, a cikin gida kuwa uwa tana rungume jaririnta da ta ji kukan, yara suna neman tsakuwa.

Bayan zuwan Turawa a 1902, balle da Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976, gari ya tsallake ganuwa, gatari ya cinye tsofaffin itatuwa masu kogo, har ya zama mai son ganin wannan 'yar ƙaramar mujiya gara ya nufi Yankari. Ni a ganina an zalunce ta, domin ta yi wa manomi gadin rumbu shekara da shekaru, sakayyarta jifa. Jama'ar Ƙofar Dumi, duk wanda tsohuwar tsamiya ta rage masa a ƙofar gida ya bar ta a tsaye, kuma ya hana yara ɗaukar danƙo.