Ƙwallon Hannu: Wasan da Malamai Suka Raina

Tarihin ƙwallon hannu ya nuna cewa malamai ne suka kafa wasan. Holger Nielsen, malamin makaranta a Denmark, ya wallafa dokokinsa a 1906. A birnin Berlin kuma, Max Heiser ya tsara wa mata nasa salon a 1917, sannan Carl Schelenz, malamin motsa jiki, ya gyara dokokin a 1919 domin maza. Wasan ya shiga Olamfik a 1936, aka kafa hukumarsa ta duniya a 1946.

Afirka ta kafa tata hukumar a 1973, kuma Jamhuriyar Benin ta taka rawa a cikinta. Kwatano ta karɓi baƙuncin gasar maza ta nahiyar a 1996, sannan ɗan ƙasar, Mansourou Aremou, ya zama shugaban hukumar a 2008.

Wannan asali ya bar alama a dokokin wasan. Ɗan wasa ba ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa uku, ba ya taku fiye da uku da ita a hannu. Dole ya yanke shawara nan take. Mai horarwa kuwa yana da ikon sauya 'yan wasa sau nawa ya ga dama, don haka yaro yakan koyi fita fili ba tare da fushi ba, ya jira a sake kiransa.

Irin wannan dangantaka ba baƙuwa ba ce a arewacin Benin. A Malanville, garin kasuwa da ke bakin kogin Kwara daura da Gaya, 'yan kasuwar Hausawa da Dendawa sun daɗe da tsarin ubangida da yaronsa. Ubangida kan koyar da ciniki, ya tsawata, ya jarraba amana, daga bisani ya sallami yaron da jari. Ana auna shi da yawan yaran da suka tsaya da ƙafafunsu.

Ma'aunin mai horarwa ke nan. Kaɗan ne daga matasa za su ci abinci da ƙwallon hannu, saura kasuwa, gona ko ofis za su nufa. Kocin da ya sa kofi kaɗai a gaba yakan sallame su hannu rabbana. Wanda ya riƙe gadon malaman farko kuwa yakan bar musu haƙuri, kiyaye lokaci da riƙon amana, jarin da ba ya ƙarewa da busar ƙarshe ta alƙalin wasa.