Masu Ɗaukar Nauyin Taron Matasa a Ikilisiyoyin Arewa

Da an ba da hutun makaranta, musamman lokacin Ista da ƙarshen shekara, hanyoyin Filato da kudancin Kaduna da Adamawa kan cika da motoci shaƙe da samari da 'yan mata, ga tabarmi da bokitai da ganguna an ɗaure a sama. Taron Zumuntar Matasa za su. Wanda ya ga yawan jama'ar zai zaci wani babban ofishi ne ya shirya abin, alhali yawanci malamin firamare ne da tela da ɗalibar koyon jinya suka yi watanni suna kai da kawo, ba wanda ya biya su ko sisi.

Al'adar ta samo tushe ne tun zamanin 'yan mishan. Ƙungiyar SIM ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902, SUM ta sauka Wase a 1904 ƙarƙashin Karl Kumm, mutanen Denmark suka zauna Numan a 1913, sannan 'yan mishan na Ikilisiyar 'Yan'uwa suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Masu bi na farko sun fito daga ƙabilu barkatai, Birom da Angas da Bachama da Bura da Bajju da Tangale, kowa da yarensa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai aka sami harshen da zai haɗa su a rumfa ɗaya. Ba don haka ba, da wuya saurayin Langtang da na Kaltungo su rera waƙa guda.

Makarantun kwana ne suka fara renon shugabannin. Gindiri, wadda SUM ta buɗe a 1934 don horar da malamai da masu bishara, ta zama matattara, kuma a can aka kafa ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS a 1957. Tsarinta mai sauƙi ne. Malami ya tsaya a matsayin uban ƙungiya ban da aikinsa na aji, ɗalibai kuma su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji daga cikinsu. In hutu ya zo a ari wata makaranta, a kwashe bencina, ajujuwa su zama ɗakunan kwana. Yaron da ya koyi rubuta rahoton taro da lissafin buhunan dawa a nan, shi ne daga baya ya zama dattijon ikilisiya ko shugaban gunduma.

A wannan tsakanin ne ikilisiyoyin suka fara tsayawa da ƙafafunsu. An kafa ECWA a 1954, aka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN a 1955, kowace ɗarika kuma ta tsara zumuntar matasanta daga majami'ar ƙauye har zuwa matakin ƙasa. Shirin Sabon Rai Don Kowa da ya taso daga Jos a farkon shekarun 1960 ya ƙara wa abin ƙarfi, domin ya koya wa masu bi cewa aikin bishara ba na fasto kaɗai ba ne.

Yadda ake shirin bai canza sosai ba. Ana fara zama tun watanni kafin ranar, a zaɓi kan magana da aya, a rubuta wa mai wa'azi takardar gayyata, a raba kwamitoci na masauki da abinci da ruwa da lafiya da addu'a. Kuɗin rajista ba ya isa, don haka ake yanka wa kowace majami'a kasonta, mudu kaza na masara ko shinkafa, kwalbar manja, damin itace. A ƙauyuka matasa kan yi noman haya ko su nome gonar zumunta su sayar da amfanin. Ranar taro kuwa, tun kafin zakara ya yi cara 'yan kwamitin abinci sun hura wuta a murhun duwatsu, iyaye daga Zumuntar Mata suna tsaye a kansu suna nuna yadda ake tuƙa tuwon mutum ɗaruruwa ba tare da gudaji ba. 'Yan Birged, ƙungiyar da aka kafa a Glasgow a 1883 ta kuma iso Legas a 1908, su ke tsaron ƙofa da shirya layi cikin kayan sarkinsu. Akwai kuma wanda aikinsa kawai shi ne zama kusa da janareta da jarkar mai, don kada lasifika ta ɗauke ana tsakiyar gasar haddar ayoyi.

Abin da ya ƙaru wa masu shirin shi ne nauyin tsaro. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya faro ne daga wani taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi, kuma ya bar darasi game da kiyaye harshe a kan bagadi da girmama maƙwabta. A 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ikilisiyar 'Yan'uwa (EYN) da ke Kwarhi, ikilisiyoyi da yawa suka watse. Yanzu kwamiti kan sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a binciki jakunkuna a ƙofa, a wasu wuraren ma a rage zaman dare.

Waya ta sauƙaƙa wasu abubuwan. Sanarwar da a dā ake aikawa da mai keke yanzu tana yawo a WhatsApp, kason majami'a ma ana turawa ta banki. Amma a rana ta ƙarshe har yanzu ma'aji yakan tsaya gaban jama'a ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a yi masa tambayoyi, sannan a faɗi gundumar da za ta karɓi baƙuncin taron baɗi. Bayan motoci sun tashi, 'yan kwamiti ne ke sharar ajujuwa, su mayar da bencina, su kai wa masu su tukwanen da aka aro.