Yadda ake ciro hotuna daga cikin bidiyo da umarnin kwamfuta

Bidiyo jerin hotuna ne da ake haskawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Kowane hoto a jerin ana ce masa firam. Fim ɗin silima yana tafiya da firam 24 a daƙiƙa guda, talabijin a Faransa da yawancin ƙasashen Afirka 25, a Amurka kuwa kusan 30. Ke nan bidiyon minti ɗaya mai firam 25 yana ɗauke da hotuna 1,500.

Sai dai ba dukkansu ne ke ajiye a cike cikin fayil ba. Hoto guda mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye yana cin kimanin megabait 6 in ba a matse shi ba, don haka minti ɗaya zai haura gigabait 9. Shi ya sa tsarin matse bidiyo irin H.264, wanda aka fitar a 2003, yake ajiye cikakken hoto jefi-jefi kawai. Wannan shi ne firam I. Waɗanda ke biye da shi, firam P, abin da ya canja kaɗai suke riƙewa, su kuma firam B suna aro daga na baya da na gaba. Idan aka nemi hoton wata daƙiƙa, dole manhaja ta koma ga firam I da ya gabace ta, ta bi canje-canjen har ta sake gina hoton.

Manhajar da aka fi dogaro da ita a wannan aiki ita ce FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, kuma kyauta ce. Wannan layi yana ciro hoto ɗaya a minti 1 da daƙiƙa 30:

ffmpeg -ss 00:01:30 -i bidiyo.mp4 -frames:v 1 hoto.png

Wannan kuma yana ciro hoto guda a kowace daƙiƙa, ya jera su da lamba:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vf fps=1 hoto_%04d.png

Masu rubuta umarni da harshen Python sun fi amfani da OpenCV, wadda ta samo asali daga kamfanin Intel. Ana buɗe fayil da VideoCapture, a karanta firam ɗaya bayan ɗaya da read, a adana wanda ake so da imwrite. Tana da wata ɗabi'a da ke rikita sababbin shiga: shuɗi take sa wa farko a jerin launuka, ja a ƙarshe, saboda haka in aka miƙa hoton ga wata manhaja ba tare da juya jerin ba, fuskokin mutane sai su fito shuɗaye.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne na lokaci. Wayoyin hannu da dama ba sa riƙe adadin firam ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, sukan rage shi idan haske ya yi ƙaranci. Wanda ya raba lambar firam da 30 don sanin daƙiƙar da abu ya faru zai iya kaucewa. Abin dogaro shi ne alamar lokaci da ke manne da kowane firam a cikin fayil.

'Yan jarida masu tantance labari na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan dabara. Sukan ciro wasu hotuna daga bidiyon da ke yawo, su saka su a injin neman hoto na Google ko makamancinsa, don gano ko tsohon bidiyo ne na wata ƙasa aka liƙa wa sabon rikici. Manhajar InVID, da kamfanin dillancin labaran Faransa AFP ya taimaka aka samar a 2017, aikin da take sauƙaƙawa ke nan. A nan PNG ya fi JPEG, domin ba ya ƙara matse hoton, kuma lambar mota ko rubutun allo na iya ɓacewa a matsi na biyu. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp ya riga ya sha matsa, don haka gara a nemi mai shi ya turo fayil ɗin asali a matsayin takarda.