Manhajar haɗin gwiwar ma'aikata

Manhajar haɗin gwiwar ma'aikata manhaja ce da ke tattara saƙonni, taron bidiyo, ajiyar takardu da jadawalin aiki a wuri guda. Fitattu daga cikinsu su ne Microsoft Teams, wadda aka fitar a 2017, da Google Workspace, wadda ake kira G Suite kafin 2020.

Amfani

Ma'aikata da yawa na iya gyara takarda ɗaya a lokaci guda. Tana kuma rage tafiye-tafiye: jami'i a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu zai iya halartar taron Birnin Kebbi ba tare da ya hau mota ba. Amfani da ita ya ƙaru sosai lokacin annobar korona a 2020.

Matsaloli

Manhajar ta dogara ne da intanet da wutar lantarki, ga kuɗin data da na rajista. Idan sadarwa ta yanke, kamar yadda aka katse layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumba 2021, saƙo da taro duk sukan tsaya. Haka kuma, ma'aikatar da ta tara bayananta a hannun kamfani ɗaya takan sha wahala wajen sauya shi.