Kumburin Aljihunan Babban Hanji: Ina Hasashen Burkitt Ya Kwana?

A wuraren da jijiyoyin jini ke ratsa tsokar babban hanji, bangon ba shi da ƙwari. Idan matsi ya yi yawa, sai shimfiɗar ciki ta turo waje ta zama ɗan aljihu. A ƙasashen Turai da Amurka, fiye da rabin waɗanda suka haura shekara 60 suna da waɗannan aljihuna, akasarinsu ba su ma sani ba. Ƙasa da biyar cikin ɗari ne nasu ke kumbura, ya zo da zazzaɓi da ciwon mara ta hagu. A Japan kuwa aljihunan sun fi fitowa ta dama, har a ɗauka afendis ne.

A 1971 Neil Painter da Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aikin tiyata a Yuganda, suka ce cutar ta Turawa ce, ta masu cin tataccen gari. Hujjarsu: da wuya a gan ta a ƙauyukan Afirka, inda ake cin hatsi da dusarsa, bayan gida ya fita da laushi ba tare da yunƙuri ba.

Rabin maganar ne ya tsaya da ƙafarsa. Wani bincike na Amurka a 2012, da aka leƙa hanjin mutane da na'ura, bai samu cewa cin dusa da ganye na hana aljihun fitowa ba. Abin da ya fi tabbata shi ne yana rage haɗarin kumburin. Ƙiba, taba, yawan jan nama da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna ƙara shi. Gyaɗa da gugguru, da aka daɗe ana hana masu cutar, wani bincike na 2008 ya wanke su.

Magani ma ya sauya. Gwaje-gwajen Suwidin da Holan sun nuna cewa kumburin da bai tara mugunya ba, bai kuma huda hanji ba, yakan lafa ko ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba.

A ganina, raunin hujjar Burkitt yana wajen ƙidaya. Cutar ta manyanta ce, hoton siti-sikan ne kuma ke tabbatar da ita. Inda tsawon rai ya gajarta, na'ura ta yi ƙaranci, rashin ganinta ba ya nufin babu ita. Yanzu da burodi da taliya ke ture tuwon dawa a biranenmu, dattijon da ya zo da zazzaɓi da ciwon mara ta hagu bai kamata a sallame shi da maganin taifot kawai ba.